Tarihin Noti da Jijjiga: Yadda Injiniyoyi Suka Koyi Auna Mahaɗar Ƙarfe

Duk wani babban aiki na ƙarfe, gada ce ko turken wutar lantarki, fiffiken jirgin sama ne ko shasin mota, gunduwa-gunduwa ake ƙera shi sannan a harhaɗa. Inda gunduwa biyu suka gamu aka ɗaure su da noti, nan ce mahaɗa. Tun tsakiyar ƙarni na 18 masana suka iya lissafa yadda sandar ƙarfe guda ɗaya take lanƙwasa da yadda take jijjiga. Amma da zarar an raba sandar biyu aka sake haɗa ta da noti, sai lissafin ya soma saɓa wa abin da ido ke gani. Fiye da shekara 250 ke nan ana bin sawun dalilin haka, kuma dalilin yana ɓoye ne tsakanin fuskokin ƙarfe biyu da aka matse.

Asali: abin da ake faɗa da abin da aka rubuta

An ce Fitagoras, masanin Girka na ƙarni na 6 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ya gifta wata maƙera ya ji gudumomi suna fitar da amo daban-daban, ya auna nauyinsu, ta haka ya gano dangantakar amo da lissafi. Wannan hikaya ce. Waɗanda suka rubuta ta sun zo bayansa da ɗaruruwan shekaru, kuma da aka gwada an tarar amon guduma ba ya bin nauyinta yadda labarin ya nuna. Abin da ya tabbata shi ne Girkawa sun san cewa tsayin tsirkiya yana sauya amonta.

Haka asalin sukuru yake. Wasu na jingina ƙirƙirarsa ga Archytas na Tarentum, wasu kuma na ambaton Arkimidis saboda murɗaɗɗiyar na'urarsa ta ɗago ruwa. Rubutaccen tarihi dai ya nuna Rumawa suna matse zaitun da inabi da sukurun katako a ƙarni na 1, sukurun ƙarfe na ɗaure kaya kuwa sai wajen ƙarni na 15 ya yaɗu a Turai, a bindigogi da agogo da sulke. Da hannu ake goge tiredin kowanne, shi ya sa noti ba ya shiga sai a kan sandar da aka yi shi dominta.

Akwai kuma labarin Galileo da fitilar da ya ga tana lilo a majami'ar Pisa, wanda almajirinsa Viviani ya bayar. Masana tarihi suna shakkarsa. Wanda babu shakka a kansa shi ne littafin da Galileo ya fitar a 1638, inda ya zana bim, wato doguwar sanda, da aka kafe a bango aka rataya masa nauyi a baki, ya tambayi nauyin da zai karya shi. Amsarsa tana da kuskure, amma da tambayar tasa ilimin bim ya fara.

1678 zuwa 1787: lissafin sanda guda

A 1678 Robert Hooke na Ingila ya bayyana cewa miƙewar abu mai tsalle irin sifirin tana tafiya daidai da ƙarfin da aka ja shi da shi. A kan wannan Daniel Bernoulli da Leonhard Euler, dukansu 'yan Basel ta Suwizalan, suka gina lissafin bim. A wani littafi na 1744 Euler ya nuna yadda ake gano sau nawa sanda za ta kaɗa a cikin sakan ɗaya. Kowace sanda tana da kaɗawarta ta asali. Idan aka ninka tsayinta biyu, yawan kaɗawar sai ya koma kashi ɗaya cikin huɗu.

Sai dai lissafin yana bukatar a gaya masa yadda aka riƙe bakin sandar, kuma riƙo iri biyu ya fi sani: ko dai an kafe bakin ba ya motsi ko kaɗan, ko kuma an ɗora shi yana juyawa ba abin da ya tare shi. Bambancinsu ba ƙarami ba ne. Sandar da aka kafe bakinta biyu tana kaɗawa fiye da ninki biyu na wadda aka ɗora kawai. Mahaɗar noti tana wani wuri tsakanin waɗannan biyu, kuma lissafin Euler bai faɗi ina ba ne.

A ɗaya gefen, Faransawa suna nazarin gugar abu da abu. Guillaume Amontons ya nuna a 1699 cewa ƙarfin guga yana bin nauyin da ya danne fuskokin, ba faɗinsu ba. Charles Coulomb ya faɗaɗa wannan da gwaje-gwajen da ya yi a tashar ƙera jiragen ruwa ta Rochefort, ya ci kyautar cibiyar kimiyya ta Faris a 1781. A 1787 kuma Bajamushe Ernst Chladni ya barbaɗa yashi a kan farantin ƙarfe ya goga masa izgar goge, yashin ya taru a wuraren da ba sa motsi, siffar jijjiga ta fito fili. Ilimin bim da ilimin guga sun taso a zamani guda, amma kowanne ya kama gabansa. Sai bayan shekara fiye da 150 aka gane cewa a cikin mahaɗa suke gamuwa.

1800 zuwa 1880: zamanin ƙarfe da darasin gadoji

Wajen shekarar 1800 Henry Maudslay ya kyautata injin yanka tiredi a Landan, aka fara samun notuna masu kama da juna. A 1841 Joseph Whitworth ya fito da ma'auni guda na tiredi mai kusurwa 55, kamfanonin jiragen ƙasa na Birtaniya suka karɓa. A 1864 William Sellers ya kawo na Amurka mai kusurwa 60. Noti ya yi araha, ya shiga kowane aiki, tun kafin a san halinsa idan jijjiga ta same shi.

Gargaɗin farko ya zo ranar 12 ga Afrilu, 1831, a gadar Broughton kusa da Manchesta. Sojoji 74 ne suke dawowa bariki suna maci a kanta. Da suka ji gadar tana rawa daidai da takunsu, sai suka ƙara buga ƙafa don nishaɗi. Gadar ta rufta, kimanin 40 suka faɗa kogin Irwell, Allah Ya sa ruwan ba zurfi, ba wanda ya mutu. Bincike ya gano cewa wani ƙarfen ɗauri da ke riƙe sarƙar gadar da ginshiƙin ƙasa ne ya karye, kuma tun asali ba a ƙera shi da kyau ba. Daga nan rundunar Birtaniya ta hana sojoji daidaita taku a kan gada. An fahimci haɗarin bugun da ya dace da kaɗawar gini ta asali, amma ba a tsaya kan mahaɗar ba.

Gargaɗi na biyu ya fi muni. Gadar jirgin ƙasa ta kogin Tay a Sikotland, wadda Thomas Bouch ya tsara, an buɗe ta a 1878. Daren 28 ga Disamba, 1879, ana iska mai ƙarfi, tsakiyarta ta faɗa ruwa da jirgin fasinja a kai. An tabbatar da sunayen mutum 59, ana kuma ƙiyasin waɗanda suka mutu sun kai 75. A zaman binciken 1880 an ji cewa ramukan noti a jikin ginshiƙan ƙarfen zubi ba a huda su da na'ura ba, tare da zubi aka fitar da su, baki ɗaya ya fi ɗaya faɗi, don haka noti bai zauna daidai ba. Masu fenti sun shaida cewa gadar tana girgiza idan jirgi ya wuce. Mai duba gadar, Henry Noble, ya daɗe yana jin ƙarafan da ke ɗaure ginshiƙan suna karaf-karaf, sai ya riƙa cusa musu 'yan gutattakin ƙarfe don su yi shiru. Ƙarar ta ɗauke, sakin jikin kuwa yana nan. Wannan ya nuna cewa mahaɗa tana sanar da lalacewarta ta hanyar motsi da ƙara, in da mai sauraro.

1880 zuwa 1951: mulkin ribiti da dawowar noti

Saboda sanin cewa noti na kwancewa, manyan ayyukan ƙarshen ƙarni na 19 ribiti suka dogara da shi. Ana gasa shi ya yi ja, a zura a rami, a daddake kansa, idan ya huce sai ya tsuke ya matse ƙarafan. Hasumiyar Eiffel da aka gama a 1889 ta ci ribiti miliyan biyu da rabi. Aikin yana bukatar mutum huɗu a kan kowane ribiti, ga zafi, ga ƙara, ga tsada.

A 1934 Batho da Bateman suka ba da rahoto a Birtaniya cewa noti na ƙarfe mai ƙarfi, idan aka ɗaure shi sosai, zai matse faranti biyu har guga kaɗai ta hana su zamewa. Gwajin Wilson da Thomas a Jami'ar Illinois a 1938 ya nuna irin wannan mahaɗa ba ta gaza ta ribiti ba wajen jure nauyi mai zuwa yana komawa. An kafa majalisar bincike kan mahaɗun ribiti da noti a Amurka a 1947, a 1951 kuma ta fitar da ƙa'idar da ta yarda a maye gurbin kowane ribiti da noti ɗaya. Cikin shekaru kaɗan ribiti ya bar filin gini.

A wannan zamanin walda ma ta yaɗu, ita ce kuma ta tona wani sirri. Ginin da aka yi wa walda, da yake ya zama kamar ƙarfe guda, idan aka buge shi yakan daɗe yana kaɗawa. Wanda aka haɗa da ribiti ko noti kuwa nan da nan yake lafawa. Ashe mahaɗar da ake ɗauka rauni ce kawai tana shanye jijjiga. Daga baya C. F. Beards na Landan ya ƙiyasta cewa abin da ya kai kashi 90 cikin 100 na shanye jijjiga a ginin da aka harhaɗa, a mahaɗu yake faruwa.

1938 zuwa 1969: leƙawa cikin mahaɗa

Dokar Coulomb ta ce abu ko dai ya tsaya ko ya zame. Carlo Cattaneo a Italiya a 1938, da Raymond Mindlin a Amurka a 1949, kowanne shi kaɗai, suka nuna akwai hali na uku. Idan aka matse abu biyu aka tura su gefe a hankali, tsakiya tana nan a manne, gefen kuwa ya riga ya fara zamewa kaɗan-kaɗan. Haka mahaɗar noti take. Ƙarƙashin kan noti matsi ya fi yawa, yana raguwa yayin da ake nisa da shi. Idan bim ya lanƙwasa, gefen mahaɗar yana gugar juna da motsin da bai kai kaurin gashi ba, gugar tana mayar da ƙarfin jijjiga zafi. Jijjiga na ƙaruwa, wurin da ke zamewa na faɗaɗa zuwa ciki, taurin mahaɗar na raguwa, kaɗawar bim ɗin na sauka.

A nan wahalar take. Bim guda kaɗawarsa ba ta sauyawa, a buge shi a hankali ko da ƙarfi. Bim mai noti kuwa amsarsa tana sauyawa da ƙarfin bugun. A 1956 Goodman da Klumpp, suna nazarin farfelar injin jirgin sama, suka gwada bim mai falle biyu da aka matse, suka ga cewa idan matsi ya yi yawa babu zamewa, babu shanye jijjiga, idan ya yi kaɗan gugar ba ta da ƙarfi. Akwai matsi na tsakiya da ya fi kowanne kashe jijjiga. A 1966 Wilfred Iwan na Caltech ya kawo hanyar lissafi da ke ɗaukar irin wannan hali kamar tarin ƙananan sifirin, kowanne da maƙalinsa da ke saki a wani ƙarfi na daban. Don girgizar ƙasa da lanƙwasar ƙarfe ya yi ta, amma ita ce ta zama ginshiƙin lissafin mahaɗa bayan fiye da shekara 30.

Saura tambayar makanikai: me ke kwance noti? An daɗe ana zaton jijjigar da ke bin tsayin sandarsa ce. A 1969 injiniyan Jamus Gerhard Junker ya ƙera na'urar da ke kaɗa mahaɗa gefe da gefe tana auna matsin da ya rage. Ya nuna cewa da zarar fuskokin sun zame a kaikaice, gugar da ke riƙe tiredi sai ta saki, noti ya juya da kansa, matsin ya zube cikin ɗan lokaci. Gwajinsa ya shiga ƙa'idojin masana'antun Jamus, kuma da shi aka gano cewa tsagaggen washa mai tsalle, wanda aka daɗe ana dogara da shi, ba ya hana noti mai ƙarfi kwancewa.

1965 zuwa 1995: daga amo zuwa lamba

Mai sayen tukunyar ƙasa yakan ƙwanƙwasa ta, daga amonta ya san ko ta tsage. Abin da injiniyoyi suka so ke nan, sai dai su lamba suke nema. Abubuwa biyu suka ba su dama. Na farko hanyar da Cooley da Tukey suka wallafa a 1965, wadda ta sa kwamfuta take rarrabe jijjiga zuwa kaɗawowin da ke cikinta cikin hanzari. Na biyu hanyar yayyanka gini a lissafi zuwa ƙananan gutsattsari, wadda ta fito daga masana'antar jiragen sama a 1956, Ray Clough ya raɗa mata suna a 1960.

Daga nan gwajin ya samu tsari. A rataye bim da igiyoyin roba don kada riƙo ya gurɓata awo, a manna masa na'urorin jin motsi, a buge shi da hamma mai auna ƙarfin bugu. Kwamfuta ta fitar da zane mai tsaunuka, kowane tsauni kaɗawa ɗaya ce ta asali. Inda tsaunin ya tsaya yana nuna tauri, faɗinsa yana nuna yawan shanye jijjiga. Littafin David Ewins na 1984 ya zama jagoran wannan sana'a.

Da aka kwatanta awo da lissafin kwamfuta, sai aka riƙa ganin giɓi, kuma kusan kullum a mahaɗu yake. Sai aka juya tambayar. Maimakon a ce ga mahaɗa, yaya bim zai kaɗa, sai aka ce ga yadda bim ya kaɗa, wace irin mahaɗa ce ke cikinsa. Tsai da Chou sun yi haka a kan mahaɗa mai noti ɗaya a 1988, Mottershead da Friswell kuma suka tattara hanyoyin gyara lissafi da awo a 1993. Hanyar tana da tarko. Lambobi daban-daban na tauri suna iya ba da kaɗawa iri ɗaya, juyawar mahaɗa tana da wuyar aunawa, kuma ɗan kuskuren na'ura yakan kumbura ya zama babba a cikin amsa.

1992 zuwa yau: bim ɗin gwaji

A watan Satumba na 1992 Amurka ta yi gwajin makamin nukiliya na ƙarshe. Daga nan ta koma dogara da kwamfuta wajen tabbatar da ingancin makamanta, kuma makaman cike suke da mahaɗu. Wannan ya sa cibiyar bincike ta Sandia da ke jihar New Mexico ta zuba ƙarfi a kan matsalar. Daniel Segalman ya gyara lissafin Iwan ya zama lambobi huɗu kacal ake nema daga gwaji, aka wallafa a 2005, a 2009 kuma cibiyar ta fitar da kundin jagora a kan jijjigar gine-gine masu mahaɗa. Gwaje-gwajensu sun nuna cewa idan aka ninka ƙarfin jijjiga biyu, abin da mahaɗa ke shanyewa yakan ninka fiye da huɗu amma bai kai takwas ba, alhali takwas ɗin lissafin Mindlin ya yi hasashe.

Wasu ma ba su zauna ba. Lothar Gaul da Lenz sun auna zamewar mahaɗa kai tsaye a Jamus a 1997. A 2001 Ma da Bergman da Vakakis suka ƙera bim biyu masu siffa ɗaya, ɗaya guda, ɗaya mai noti, suka auna su da hasken leza ba tare da taɓawa ba, bambancin da ke tsakani ya zama aikin mahaɗar ita kaɗai. A 2007 Ahmadian da Jalali a Tehran suka fitar da lambobin mahaɗa daga yadda tsaunin awo ke karkata yana sauka yayin da ake ƙara ƙarfi.

Matsalar da ta rage ita ce kowa da irin bim ɗinsa, ba a iya kwatanta sakamako. Matthew Brake da Pascal Reuss suka tsara bim guda na bai ɗaya, tsayinsa kimanin santimita 72, rabi biyu masu hawa kan juna da noti uku, dakunan gwaji na ƙasashe da dama suka ƙera irinsa. Abin da ya fito ya ba da mamaki. A kwance bim ɗin a sake ɗaure shi da sifana mai awo a kan lamba ɗaya, kaɗawarsa za ta ɗan gusa, shanye jijjigarsa kuwa ta sauya sosai. Dalilan sun haɗa da ɗan karkacewar fuskar ƙarfe, da wane noti aka fara ɗaurewa, da gogewar da fuskokin suka yi a gwajin baya. Har ila yau kimanin kashi 90 cikin 100 na ƙarfin da ake murɗa sifana da shi a guga yake ƙarewa, kashi 10 ne kawai ke zama matsi, don haka ɗan mai ko tsatsa a tiredi yana sauya komai.

Ana cikin wannan bincike haɗura suna tunatar da muhimmancinsa. A Potters Bar ta Ingila, ranar 10 ga Mayu, 2002, notunan da suka kwance a mahaɗar sauya layin dogo suka kifar da jirgi, mutum 7 suka mutu. Ranar 17 ga Agusta, 2009, a madatsar lantarki ta Sayano-Shushenskaya a kan kogin Yenisei na Rasha, injin lamba 2 da ya daɗe yana jijjiga fiye da ƙa'ida ya tumɓuke murfinsa, ruwa ya cika ɗakin injuna, mutum 75 suka rasu. Cikin ƙarafan ɗauri 49 da aka bincika, 41 sun riga sun tsattsage saboda gajiya, 6 kuma babu noti a kansu.

A yau ana iya auna mahaɗa da kyau bayan an ƙera ta, ana ma manna wa gadoji da turakun injin iska na'urori masu lura da saukar kaɗawa don a gane notin da ya saki. Abin da har yanzu ya gagara shi ne a faɗi tun daga kan takardar zane yawan jijjigar da mahaɗa za ta shanye. Saboda haka nauyin yana kan mai aiki. Injiniya ko makanike da ke kula da gadar ƙarfe, ko turken lantarki, ko eriyar sadarwa, ko babban janareto, ya ɗaure noti da sifana mai awo, ya rubuta lambar, ya koma ya duba bayan injin ya yi aiki, kuma idan ya ji sabuwar ƙara ya nemi inda ta fito kafin ya nemi yadda za ta yi shiru.